Waya, Batir Da Fitila: Ta Ina Ake Fara Sabunta Wutar Tsohuwar Mota?

Ba kasafai injin tsohuwar mota ke fara gajiya ba. Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kakuri ta Kaduna shekara arba'in da suka wuce, muddin ana yi mata juyen baƙin mai a kan kari, injinta na iya kai mutum Maiduguri ya dawo da shi. Abin da ke tsayar da irin waɗannan motoci a gefen titi, ko ya kwantar da su a gindin dalbejiya har 'yan gwangwan su fara zuwa tayi, galibi matsalar wuta ce. Yau ta tashi bugu ɗaya, gobe sai yaran unguwa sun tura. Fitila ta yi ja kamar aci-balbal. A taka birki, sigina ta kama. Wata rana ana cikin tafiya sai ƙaurin roba ya taso daga ƙarƙashin sitiyari.

Motocin kuwa sun cancanci a tsaya a kansu. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, bai daina ba sai tsakiyar shekarun 2000. A 1975 ɗin ne kuma Volkswagen ya fara fitar da Beetle daga masana'antarsa ta Legas. Ga Mercedes ƙirar W123 da ta shigo kasuwa a 1976, ga Land Rover ta malaman gona da na daji, ga 404 a-kori-kura. A da motocin neman abinci ne da na ofis. Yanzu sun fara komawa kayan gado da na sha'awa, kuma ana samun matasa da ke janyo motar mahaifinsu daga gareji suna son su maido ta kan titi.

Akasarinsu daga ƙarshe suke faro aikin. Mutum zai je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo ƙwan LED mai kashe ido da ƙaton batir, ya ɗora su a kan wayar da ta girme shi. Bayan wata biyu matsalar ta dawo, wani lokacin da gobara. Aikin yana da jeri: waya da fiyus tukuna, sai caji, sai batir, fitila ce ta ƙarshe. Kowane mataki a kan na bayansa yake tsaye.

Fara sanin irin motar da ke hannunka

Injiniyan da ya tsara wutar mota a shekarun 1960 lissafinsa gajere ne: manyan fitilu biyu, ƙanana kaɗan, waifa, hon, kwayil, sai ƙaramar rediyo in mai motar ya sa. Bai yi lissafin na'urar sanyaya mota ba, wadda ita kaɗai da fankokinta kan ci amfiya 20 ko fiye, balle manyan sifiku, cajar waya da ƙarin fitilu a kan bamba. Kamfanoni kuma ba sa ɓarnar jan ƙarfe. Kaurin wayar da suka sa daidai nauyin wancan lokacin ne.

Kafin a taɓa komai, tambayoyi uku ake amsawa. Ta farko, motar mai bolt 6 ce ko mai 12? Motocin Amurka sun koma 12 a tsakiyar shekarun 1950, amma Beetle ta zauna a kan 6 har wajen 1967. Mai son mayar da irin wannan zuwa 12 sai ya canza ƙwayayen fitilu, kwayil, na'urar ƙyafta sigina da na'urar caji, ya kuma nemo wa injin waifa abin rage masa wuta. Abin daɗin shi ne wayoyin tsarin bolt 6 sun fi kauri, domin wutar da suke ɗauka ninki biyu ce, saboda haka in lafiyarsu ƙalau ba sai an cire su ba.

Ta biyu, dinamo ke yi mata caji ko altaneta? Kamfanin Chrysler ne ya fara sa altaneta a motar kasuwa a 1960, a ƙirarsa Valiant, amma an ɗauki shekaru kafin kowa ya bi. Beetle ta kai farkon shekarun 1970 da dinamo.

Ta uku, wane kan batir ne aka ɗaure a jikin mota? A motocin yau negetif ne. Motocin Ingila da yawa, har da Land Rover da Morris Minor, fositif suke ɗaurewa har tsakiyar shekarun 1960, wasu ma har bayan haka. Wanda bai duba ba ya jona rediyon zamani a irin wannan mota, nan take zai ƙona ta. Juya tsarin ba shi da wuya ga wanda ya sani: a juya batir, a musanya wayoyin kwayil da na agogon caji, a sake saita maganaɗisun dinamo. Amma sai an san akwai shi.

Waya: inda cutar take

Kwanta a ƙasan sitiyarin 504 da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Kano da Jos, ka haska tocila. Za ka ga asalin damin wayoyin kamfani, robarsu ta bushe, in ka lanƙwasa sai ta tsage. A kansa za ka ga aikin duk ɗan rewayar da motar ta taɓa ratsa hannunsa: wata waya an fere ta da haƙori an murɗa ta da wata, an naɗe da salatif da zafi ya narkar ya zama danƙo, wata jar waya ta wutar gida ta ratsa ta ramin ƙarfe ba zoben roba, wasu uku suna lilo, ba wanda ya san inda suka nufa. Kowanne ya warware matsalar ranar ne, ya bar wa na gaba tasa. Ɓera ma in motar ta daɗe a ajiye ya sa nasa hannun.

Abu biyu ke faruwa da irin wannan waya. Na farko gobara: roba ta tsage, jan ƙarfe ya taɓa bodi, waya ta yi ja cikin daƙiƙoƙi. Na biyu ba a ganinsa, shi ne zubewar ƙarfin wuta a hanya. Duk mahaɗar da ta yi tsatsa ko ta yi kore-kore, duk makunnin da bakinsa ya cinye, yana riƙe wani abu daga wutar ya mayar da shi zafi. Gwajin mai sauƙi ne. A tada mota, a kunna fitila, a ɗora na'urar awon wuta a kan batir: a ce ta nuna 14. A kai ta bayan ƙwan fitila. A tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne a ga 12 ko ƙasa da haka. Bolt biyun nan ba ƙaramar asara ba ce, domin hasken ƙwai mai zare ba daidai da wuta yake raguwa ba. In wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske kan ragu da kusan kashi 30. Bambancin da ya wuce rabin bolt tsakanin batir da ƙwai alama ce ta akwai gyara.

Rabin hanyar wutar mota ta cikin ƙarfen bodi take bi ta koma batir. Shi ya sa wayar at, wadda ke haɗa batir da bodi da inji, take da muhimmancin da ba a ba ta. Sigina da ke kamawa in an taka birki, ko fitilar baya da ke dusashewa tana dawowa, kusan kullum at ɗin fitilar baya ce ta yi tsatsa, wutar ta rasa hanya ta bi ta cikin wani ƙwan. Kik da ke juyawa da ƙyar alhali batir a cike yake, a duba igiyar da ke tsakanin inji da bodi. A kwance noti, a kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa giris. Wannan aikin na awa guda yana warkar da cututtukan da ake canza batir saboda su.

A gyara tsohon dami ko a sake sabo? In robar tana da laushi kuma ɓarnar a bakin wayoyi ce kawai, a yanke wurin da ya lalace a sa sabbin kawuna. In ta bushe tun daga gaba har but, ko an yi mata ɗinki ya fi a ƙirga, sabon dami ya fi araha a ƙarshe. A cire tsohon a hankali ba tare da an daddatsa shi ba, a shimfiɗa shi a kan allon katako, a kafa ƙusoshi a kowace mararraba, a bi shi waya bayan waya.

Wajen sayen waya a kula da abu uku. Wayar wutar gida mai sanda ɗaya ba ta mota ba ce, girgiza na karya ta a cikin robarta. Ta mota silli-silli ce masu yawa. Sannan kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe: ba ta da nauyi a hannu, in aka kankare silinta sai fari ya bayyana, kuma wutar da take iya ɗauka ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe zalla ba. Araha ba ta ado. Na uku kauri: mai lamba 1 ta isa ƙananan fitilu, manyan fitilu da hon suna son 2.5, daga altaneta zuwa batir 10 ko sama, ta kik kuwa 25 zuwa 35. A matse kawuna da filayar da aka yi don haka, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Launi ma ba ado ba ne. A motar Jamus, waya mai ruwan ƙasa ita ce at. A motar Ingila, mai ruwan ƙasa ita ce ke ɗauke da wutar batir kai tsaye ba fiyus, baƙa ce at. Ɗan rewayar da ya saba da Mercedes ya shiga Land Rover da wannan sabon, zai haɗa wuta da bodi da hannunsa. Peugeot kuwa ta fi dogara da lambobin da take sa wa wayoyi. A riƙe tsarin kamfanin motar, domin wanda zai gyara ta nan da shekara goma ya iya karantawa.

Fiyus da rile

Kowa ya taɓa ganin fiyus da aka naɗe da takardar kwalin sigari, ko aka ɗaure da silin waya don "a samu a ƙarasa gida", ya kuma shekara a haka. Aikin fiyus ba kare rediyo ko fitila ba ne. Wayar yake karewa. An yi shi ne ya ƙone kafin ita ta ƙone. Wanda ya ɗaure shi ya zaɓi damin waya ya ƙone a madadin abin da bai kai kuɗin shayi ba. Fiyus da ke yawan ƙonewa saƙo yake bayarwa, a nemo dalili, kada a ƙara masa lamba.

Tsofaffin motoci suna da ƙarancin fiyus. Wasu na Ingila biyu kacal gare su, manyan fitilu ma ba sa bi ta ciki. Na Jamus suna amfani da dogon fiyus mai tsini biyu wanda ke sakin jiki a mazauninsa ya yi tsatsa. Sauya akwatin da na fiyus mai ƙafa biyu, irin wanda ya fito a 1976 kuma ake samu a kowane shago, gyara ne mai amfani. Sai dai a karanta lamba, kada a bi launi: a tsohon tsari fari 8 ne, ja 16, shuɗi 25, a sabon kuwa ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A ƙara babban fiyus guda kusa da kan batir, taƙi ɗaya ko biyu, wanda zai tsare duk abin da ke bayansa ban da wayar kik.

In da za a ce a zaɓi gyara ɗaya tak, rile ne. A yawancin tsofaffin motoci, wutar manyan fitilu tana tashi daga batir ta shiga cikin mota, ta bi ta makunni, ta bi ta sandar dim da ful, sannan ta koma gaba. Ƙwai biyu masu wat 60 suna jan kusan amfiya 10, kuma duk ta cikin ɗan bakin makunnin da ya shekara arba'in take wucewa. Da rile, makunnin saƙo kawai yake aikawa da wutar da ba ta kai rubu'in amfiya ba, babbar wutar kuma ta bi gajeriyar hanya mai kauri daga batir zuwa fitila. Lambobin suna rubuce a gindinsa: 30 daga batir ta cikin fiyus, 87 zuwa fitila, 86 tsohuwar wayar makunni, 85 zuwa bodi. Biyu ake sawa, ɗaya na dim ɗaya na ful, kowanne da fiyus ɗinsa. Haske zai ƙaru ba a canza ƙwai ba, makunnin da yanzu samunsa sai an tona kasuwa kuma zai huta. Hon da fankar lagireto ma haka.

Caji kafin batir

"Alhaji, batirin ne ya mutu, a sa mai ɗari." Wannan ita ce fatawar da aka fi ji a gareji. Amsar da ta dace ita ce: "To Malam, ka auna cajin?" Batir ma'aji ne kawai. Aikinsa ya tada inji. Daga nan na'urar caji ce ke ciyar da mota ta kuma mayar masa da abin da ya kashe.

Dinamo yakan ba da amfiya 20 zuwa 30, kuma sai inji na gudu. In mota na tsaye a cunkoso da dare, fitila da waifa a kunne, kusan komai daga batir yake fita. Altaneta tana caji ko inji na sulo, shi ya sa sauya dinamo da ita ya zama gyaran da aka fi yi wa tsofaffin motoci a ko'ina. A haɗa lissafin duk abin da zai iya kasancewa a kunne lokaci ɗaya, a ƙara rubu'i a kai. Ga mota irin 504 mai na'urar sanyi, altaneta mai amfiya 55 zuwa 70 ta wadatar. Lafiyayyen caji yana tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka batir ba zai cika ba, sama da haka zai riƙa tafasa.

Akwai tarko uku a nan. Babbar altaneta a kan tsohuwar siririyar waya gobara ce. Dole a sa mata sabuwa mai kauri zuwa batir. Motar da ke da agogon amfiya a dashbod, duk wutar caji ta cikinsa take ratsawa, don haka gara a kewaye shi a sa agogon bolt. Sannan ɗan jan ƙwan nan mai hoton batir ba gargaɗi kaɗai yake yi ba: a altaneta da yawa, wutar da ke bi ta cikinsa ce ke tayar da caji. In ya mutu, ko aka sauya shi da LED mai shan wuta kaɗan, altaneta na iya ƙin fara aiki alhali lafiyarta lau.

Wata al'ada kuma ya kamata a binne ta: cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu. A zamanin dinamo an yi haka an kwana lafiya. A altaneta, wutar kan yi tsalle ta kashe regileta ko ta ƙona duk wani kayan lantarki da ke jone. Na'urar awo ta fi wannan gwajin araha.

Batir a ƙasar zafi

Batirin dalma da ruwan asid tsohuwar fasaha ce, Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Ɗakuna shida ne, kowanne bolt 2.1, cikakke ya nuna 12.6 in ya huta. In ya nuna 12.2 rabi ya tafi, kuma barinsa a haka na makonni yana sa farantansa su yi ɓawon da caji ba ya narkarwa. Abin da ke kashe batirin motar da ake ajiyewa sai ranar Juma'a ko ranar biki ke nan. Shi ne kuma dalilin da ya sa ƙaton batir a kan rarraunan caji ba ya daɗewa: bai taɓa cika ba.

Turawa sanyi suke tsoro, shi ya sa tallarsu ke kan ƙarfin tada mota a ƙanƙara. A Sakkwato, Maiduguri ko Agadas, inda bazara ke haura digiri 40 tun kafin a ƙara zafin inji, zafi ne maƙiyi. Ƙa'idar da masana batir ke bi ita ce ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na rage rayuwarsa da rabi. Don haka batir mai murafu, wanda ake buɗewa a duba ruwa, har yanzu yana da ranarsa, musamman a motar da ke da tsohuwar regileta. Tataccen ruwa kawai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Rufaffen batir da nau'in AGM ba sa zuba kuma suna jure girgiza, amma ba sa yafe cajin da ya wuce kima, domin ruwan da ya ƙone ba ya maiduwa. Na litiyam ba shi da nauyi, sai dai yana da tsada, yana buƙatar caji mai tsari, kuma ba abokin dinamo ba ne.

A zaɓi wanda ya zauna daidai a mazauninsa, a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe, ba igiyar roba ba. Masu Beetle su ƙara kula: batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma in ba murfi a kansa, mutum mai jiki ya zauna, ƙarafan kujera na iya taɓa kawunan su tada wuta. Wajen cirewa a fara da kan da ke ɗaure a bodi, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Motar da ke daɗewa a ajiye a sa mata makunnin yanke batir, ko ɗan faifan sola mai na'urar daidaita caji. Mataccen batir kuma a mayar wa dillali, kada a fasa shi a gida. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare ta zo, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai.

Fitila: a gani, kada a makantar

Sai yanzu aka iso inda mutane ke farawa. Kafin ƙwai, a duba kwanon fitila. In azurfarsa ta dushe ko ta yi tsatsa, ko rana aka sa a ciki ba za ta haska titi ba. A wanke gilashi ciki da waje, a sauya kwanon da ya mutu.

Motocin Turai na da suna amfani da ƙwai mai wat 45 da 40. Halojin ya shigo a 1962 da nau'in H1, sai H4 mai zare biyu, wat 60 da 55, a 1971. Komawa H4 mai kyau, tare da rile da sabuwar at, ya isa ya sauya tafiyar dare gaba ɗaya. Ƙwai mai wat 100 kuwa, biyunsa na jan fiye da amfiya 16, yana narkar da soket, yana ƙona kwano.

Batun LED shi ne ake ta muhawara a kai. Amfaninsa a fili yake: wuta kaɗan, haske mai yawa, ga daɗewa. Matsalar ita ce an ƙera kwanon tsohuwar fitila ne don ɗan siririn zare da ke zaune a wuri ɗaya tak. In hasken ya fito daga wani wurin, ko da bambancin milimita kaɗan ne, sai ya watsu. Direba zai ga gabansa fari fat ya ɗauka ya ci riba, alhali nesa ba ta haskaka ba, mai tahowa kuma an rufe masa ido a titin da ba a raba shi ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Hukumomi a Turai sun ɗauki abin da muhimmanci. Jamus ba ta amince da irin wannan ƙwai ba sai a 2020, shi ma nau'in da aka gwada, a motocin da aka lissafa. Ingila ta sa dokar kayar da motar da aka yi wa wannan sauyi a gwajin shekara-shekara a farkon 2021, daga baya ta sassauta wa motocin da suka hau titi kafin Afrilun 1986. Masu zagayayyar fitila mai inci 7, irin Land Rover, suna iya sayen cikakkiyar fitilar LED da aka ƙera da kwanonta. Ga 504 mai fitila mai kusurwa da wuya a samu irin wannan, don haka halojin da rile ne zaɓin hankali. A lokacin hazon hunturu ma farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi dawowa ya gajiyar da ido.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Ghana ta bi a 1974. Dim ba a miƙe yake haskawa ba, yana ɗaga gefe ɗaya don ya nuna bakin titi. Fitilar motar da aka shigo da ita kafin sauyin, ko wadda aka sayo daga Ingila, Japan ko Indiya, hagu take ɗagawa, wato cikin idon mai tahowa. Irin wannan sauya ta ake yi. Saitin kuma ba ya buƙatar na'ura: a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bangon, iyakar hasken dim ta sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da layin. In ana yawan loda but, a saita da kayan a ciki.

Inda LED ya fi amfani ba gardama shi ne ƙananan fitilu: na baya, na birki, na ribas da na cikin mota. Suna kamawa nan take, suna sauke wa caji nauyi. A sa ja a bayan jan gilashi. In an sa a sigina, sai an canza na'urar ƙyaftawa zuwa ta lantarki, domin tsohuwar da zafin wuta take aiki. In nauyi ya ragu sai ta riƙa sauri ko ta tsaya cak.

Asali ko zamani?

Masu sha'awar tsofaffin motoci sun kasu biyu. Wasu na ganin duk abin da aka canza an rage wa motar daraja. Wasu na cewa motar da ba za a iya fita da ita da dare ba, gunki ce. Ƙungiyar FIVA ta duniya, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, ta fitar da ƙa'idojinta na Turin da suka fara aiki a 2013, kuma matsayarta tsaka-tsaki ce: in sauyi ya zama dole, a yi shi yadda za a iya warwarewa, a kuma rubuta abin da aka yi. Wannan ya dace da mu. Rile da akwatin fiyus ana iya ɓoye su, a jona su ba tare da an yanka asalin dami ba. Dinamo da tsofaffin fitilun da aka cire a adana su a kwali. A zana taswirar sabuwar wayar a takarda, a ajiye tare da takardun mota.

Sauran magana tana wurin zaɓen mai aiki. Ɗan rewayar da kayan aikinsa ƙwan gwaji ne da salatif, wanda ke gane waya ta hanyar karta ta a bodi ya ga tartsatsi, ba shi za a ba wannan aiki ba. A nemi mai na'urar awo, wanda zai faɗi lambar da ya gani kafin ya faɗi abin da za a saya, a kuma biya shi kuɗin aikin kwanaki, domin wanda aka matse wa farashi shi ke murɗa waya da haƙori. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi komai lokaci ɗaya ba, ya fara da at, fiyus da rile, ya auna caji, ya ajiye ƙaramin abin kashe gobara a ƙarƙashin kujera. Batir da ƙwan fitila su jira. Su ne mafi sauƙin saye, kuma su ne mafi ƙarancin laifi.